Ƙugiyoyin Katin Gwaggo

Shekarata ta huɗu ke nan a wani shagon buga takardu a Gusau lokacin da gwaggona ta dawo mini da kati. Kafin ranar ba wanda ya taɓa dawo mini da aiki. Ni ce ke zaune a gaban kwamfuta a ƙuryar shagon, ina tsara katin biki da na suna da na walima, in na gama masu inji su buga su yanke. Mai shagon wani Alhaji ne mai yawan faɗa amma mai sanyin zuciya. In mata sun shigo da aikin biki sai ya nuna ni da baki ya ce, "Ku je wurinta, ta san abin da amare ke so."

Abin da amare ke so kuwa shi ne wani rubutu mai kwanciya gefe ɗaya, haruffansa riƙe da juna, nan siriri can mai kauri, babban harafin farko yana jan jela har ƙarƙashin kalma. Mu a shago rubutun amare muke ce masa. Muna da irinsa kusan talatin a kwamfuta, duk daga waje aka zana su. Kuma duk talatin ɗin ba wanda ya san da ɓ da ɗ da ƙ. In na danna ɗ, ko dai wani ɗan akwati fanko ya fito, ko kuma wani harafi miƙaƙƙe ya faɗo daga wani salon ya tsaya ƙerere a tsakiyar kalma kamar an ajiye turmi a falo. Saboda haka sai mu bar ƙugiyar, mu sa b da d da k. Haka na tarar ana yi, haka na ci gaba da yi, ban taɓa jin wani abu a raina ba.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, a Bungudu take, sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Tana dab da shekara sittin ta shiga makarantar manya ta unguwarsu, wai ta gaji da neman mai duba mata sunan wanda ya kira ta a waya. Shekara biyu ta yi tana zuwa, ba fashi sai ranar da take suya. A nan ne auren autarta ya taso. Yarinyar ta gama karatun aikin asibiti, ta kawo wanda take so, wani manomi kuma malamin makaranta daga Karakkai. Kati ya zama nawa, na kuwa zuba duk abin da na iya. Takarda mai ruwan madara, rubutu ruwan zinare, kati ɗari uku.

Ranar Asabar na kai su da kaina. Amarya ta gani ta yi tsalle ta rungume ni. Gwaggo kuwa sai da ta wanke hannu da sabulu, ta goge da gefen zane, ta zauna kan tabarma ta ɗauki ɗaya. Ta ɗora yatsa a kan layin farko tana bi a hankali, leɓenta na motsi. Can ta tsaya.

"Ɗiyata, mi anka rubuta nan?"

"Ɗaurin aure, Gwaggo."

"A'a. Dauri na gani. Dauri kuwa maganin jinjiri ne, shi muke jiƙa ma yara. Ina ƙugiyar?"

Na yi dariya na ce ai haka ake yi, kowa zai gane. Ba ta kula ni ba, ta ci gaba da bi da yatsa. Ta zo wurin da aka jera sunayen mutanen da za a girmama, ta sake tsayawa, ta ɗago ta dube ni.

"Manyan baki. Wato liman da mai unguwa da surukaina, su na manyan baki? Haka za ni aika musu?"

Amarya ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Gwaggo ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce wata uku malamarsu ta yi tana fama da su a kan waɗannan haruffa, ranar da ta rubuta baki a maimakon baƙi sai da aka sa ta sake shi sau ashirin a gaban ƙawayenta, mata masu jikoki. Ta ce in abin ba shi da amfani, don me aka wahalar da ita? In kuwa yana da amfani, don me ni da na yi boko tun ina yarinya zan zubar da shi? Ta haɗa katunan ta mayar cikin leda ta tura mini.

Na ce to, akwai mafita, sai a sake bugawa da rubutu miƙaƙƙe irin na littafi, shi yana da ƙugiya. Nan amarya ta ɓata fuska ta ce ita ba takardar asibiti za ta raba ba. Uwa ta kafe, 'ya ta kafe, biki saura kwana goma sha biyu.

A mota kan hanyar komawa Gusau na ƙirga. Kowane kati yana da wuri goma sha ɗaya da ke neman ƙugiya. Na sauka a kasuwa na sayi alƙalami mai tawadar zinare guda huɗu, na roƙi Alhaji kwana uku. Ya tambaye ni ko ba ni da lafiya ne. Da na gaya masa dalili, ya dube ni ya ce, "Da hannu? Ɗari uku? Allah ya shirye ki. Je ki."

Na shimfiɗa tabarma a barandar gidanmu, daga safe har rana ta yi sanyi ina zaune ina lanƙwasa kawunan haruffa. Na farko-farkon sun yi muni, wasu kamar ƙahon akuya, wasu kamar an ɗiga miya. Wajen kati na hamsin hannuna ya fara sabawa. Rana ta uku yatsana na tsakiya ya yi kanta, wuyana ya ƙi juyawa. Na kai wa Gwaggo, ta zaro daga sama, ta zaro daga tsakiya, ta zaro daga ƙasa, ta karanta, ta ce, "Yanzu kinka yi Hausa." Aka yi biki lafiya, aka kai amarya Karakkai.

Ita ta gamsu, ni ce ban gamsu ba. Na koma shago, aiki na farko da aka kawo mini katin suna ne, sai na ga yatsana ya ƙi danna k a inda ƙ ya kamata. Duk katin da na buga a shekara huɗu ya riƙa dawo mini. Mutum nawa na kira manyan baki? Na ce wa Alhaji ina so mu nemi rubutun amare mai ƙugiya. Ya ce in nema, in na samu shi ma yana so. Na yi mako biyu ina bincike a waya, ban samu wanda ya yi mini ba. Amma na gano abin da ban sani ba: ashe haruffan nan mutum ne yake zama ya zana su ɗaya bayan ɗaya, kuma akwai manhaja ta kyauta da ake shigar da zanen ya zama abin dannawa.

Dabarar da ta fara zo mini ita ce in ɗauki ɗaya daga cikin namu in liƙa masa ƙugiya. Na gwada, abin ya fito kamar an ɗinka aljihun atamfa a jikin shadda. Ga shi kuma da na karanta sharuɗɗan masu shi, sun hana a taɓa musu aiki. Hanya ɗaya ta rage, in zana nawa tun daga a har z, manya da ƙanana. Ni kuwa rubutun hannuna na kowa da kowa ne, a makaranta ba a taɓa sa ni rubutu a allo ba.

Maigidana, baban 'yata, mutumin Tsafe ne, shi ya tuna mini da wani dattijo a unguwarsu. Ya ce a da duk takardar shaidar gama firamare a garin shi ke rubuta sunaye a kai, shi ke rubuta allunan shaguna da jikin manyan motoci. Ya shiga ɗaki ya binciko tasa takardar ya nuna mini. Takardar ta yi ja, gefenta ya cinye, amma sunan yana nan kamar jiya aka rubuta. Na daɗe ina kallon yadda alƙalamin ya sauka da nauyi ya tashi da sauƙi. Na ce masa Asabar mai zuwa zan je gaida surukata.

Mun sami dattijon, Baba ake ce masa, a ƙofar gida yana gyaran buhunan albasa. Ya bar rubutu shekaru da yawa, tun da masu kwamfuta suka fara buga alluna a leda, ya koma noman rani. Dogo ne, ƙaƙƙarfa, ba alamar tsufa a hannunsa. Maigidana ya gabatar da ni, na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni. A lokacin abin da ke raina mai sauƙi ne: ya rubuta mini haruffan duka a takarda, in ɗauki hotonsu in shigar a kwamfuta.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Wato ku da kunka kashe muna sana'a, yanzu hannun nawa kuke so ku ɗauka ku sa cikin injin."

Na ce, "Baba, ba haka nake nufi ba."

"Haka na. Ba ni ba ki." Ya ci gaba da ɗaure buhu. Na ji kamar in tashi, amma ban tashi ba. Da ya ga ban motsa ba ya ce, "In koyo kike so, wanga daban. Sai ki yi naki. Amma ba ki iyawa, ku 'yan yanzu ba ku da zama."

Na ce ina da zama. Ya ce to Asabar, in zo da takarda mai yawa, kada in zo da waya a hannu.

Haka na fara zuwa Tsafe duk Asabar. Nakan shiga motar farko daga Gusau, mu wuce ta gindin dutsen Kwatarkwashi rana ba ta yi zafi ba, in sauka gidan surukata in ajiye 'yata, in wuce. Kafin la'asar dole in kama hanyar dawowa, don ba wanda ke son yamma ta yi masa a wannan hanya. Akwai Asabar ɗin da direbobi suka ce yau ba su zuwa, sai in zauna gida in yi abin da aka ba ni. A tsakar gida muke zama, ƙarƙashin dalbejiya, matarsa Inna tana gefe tana tsinkar zogale ko tana kaɗi.

Ya fere mini alƙalami na gora, bakinsa a karkace, ya ba ni tawada a kwalba. Na zaci da a za mu fara. Sai ya ce in yi ƙwai. Wato in zana da'ira mai tsawo, kwance kaɗan, in cika shafi da ita, duk girmansu ɗaya, duk kwanciyarsu ɗaya. Asabar huɗu ina ƙwai. Yakan ɗauki takardar ya ɗaga ta sama ya karkata kai, ya ce, "Wanga na zabo, wanga na agwagwa, wanga kuwa ya fashe." Bayan ƙwai sai sanda, layi mai saukowa da kauri, mai hawa siriri. A nan na gane cewa kaurin da sirantakar da nake gani a rubutun amare ba ado ne aka ƙara ba, nauyin hannu ne. In kana saukowa ka danna, in kana hawa ka saki.

Hannuna ya ƙi saki. Ina riƙe alƙalami kamar za a ƙwace mini. Wata Asabar Baba ya gaji, ya ajiye takardata ya ce shi zai leƙa gona, in ga dama in tafi gida. Na zauna ina kallon shafin, idona ya ciko. Inna ce ta matso, ta kama hannuna ta juya shi.

"Ke, wa ya yi miki wanga lalle?"

Na ce ni na yi wa kaina, tun ina budurwa nake yi wa ƙawaye.

"To da kike zana wanga reshe, haka kike maƙure hannu?"

Ta shiga ɗaki ta ɗauko ƙunshin lalle na leda, irin mai tsinin baki, ta ce in rubuta mata harafi a bayan hannunta. Na yi mata a, na yi mata d, na ja masa kai ya lanƙwasa ya zama ɗ. Ban yi tunani ba, hannun ne ya tafi da kansa, daga kafaɗa, yadda nake jan reshe. Da Baba ya dawo Inna ta miƙa masa hannun. Ya duba, ya dube ni, ya ce, "Ashe kina da hannu kinka ɓoye. Ɗauki alƙalami ki yi mini wanga, yadda kinka yi shi."

Daga ranar abin ya fara tafiya, ko da yake ba da gudu ba. Mun yi wata biyar kafin ya yarda da ƙananan haruffana. A kan ƙ kaɗai mun yi Asabar uku. Ni ina gama k sannan in koma in ɗora mata ƙugiya, shi kuwa ya ce a'a, da ƙugiyar ake farawa, daga sama, a sauko da ita cikin jan alƙalami ɗaya, don kada ta zama baƙuwa a jikin harafin. Kuma kada ta yi tsawo ta taɓa na kusa da ita, kada ta yi gajarta a ɗauka tawada ce ta zuba. Na cika littafi guda da ƙ. 'Yata, wadda ba ta shiga makaranta ba a lokacin, ta iya ƙ kafin ta iya a.

Ranakun aiki kuwa, in an sami sarari a shago ko an ɗauke wuta ana jiran a tada janareto, sai in buɗe tawa ƙaramar kwamfutar in bi zanen da linzami, ɗigo bayan ɗigo. Wannan ma wani karatun ne. Harafi ya yi kyau shi kaɗai bai isa ba, dole jelarsa ta sami hannun na gaba da shi, ko wane ne. Sai in haɗa ɗ da a su kama, in kawo u su rabu. In gyara u, sai ƙ da y su hau kan juna. Na rubuta kalmomin da suka fi zuwa a kati, ɗaurin aure, ƙarfe goma, 'yan'uwa da abokan arziki, ɓangaren ango, na manna a bango ina gwada su kullum. Alhaji yakan wuce ya leƙa ya ce, "Har yanzu ƙugiyar ce?" In ce har yanzu. Ya ce, "Mutane fa ba su damu ba. Shekara ashirin ina buga kati, tsohuwa ɗaya ce ta taɓa magana." In ce masa ai yanzu mun zama biyu.

Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni na ga kamar na gama. A fuskar kwamfuta rubutun ya yi kyau har ina jin kunyar yabon kaina. Wata Hajiya ta kawo katin auren ɗanta, na nuna mata nawa tare da na waje guda biyu ban gaya mata wanne ne nawa ba, ta zaɓi nawa. Na kasa zama don murna. Aka kai inji, aka buga na gwaji da ruwan zinare, mai injin ya kawo mini yana sosa ƙeya. Duk siraran layukan sun ɓace. Inda alƙalami ya hau a sake, zinaren bai kama ba, haruffan suka fito gutsi-gutsi kamar ɓera ya ci. Ƙugiyoyin da na yi shekara ina wahala a kansu, su ne suka fara tafiya, don su ne mafi siranta.

Hajiya tana zaune tana jira. Na je na gaya mata gaskiya, na ce wannan rubutun bai nuna ba tukuna, ta yi haƙuri a yi mata da wani. Aka yi mata da na waje, babu ƙugiya, ni na danna da hannuna. Alhaji bai yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo ya yi, ya ce, "Kin yi ƙoƙari. Ki huta haka nan."

Asabar na ɗauki katin gwajin na kai Tsafe. Na zaci Baba zai ce dama ya faɗa. Sai ya sa tabarau ya duba, ya yi dariya har da buga ƙafa. Ya ce shi ma farkon motar da ya rubuta wa suna, ya yi rubutu siriri mai kyau yana tsaye kusa da ita, da motar ta matsa taku ashirin sai ba a ganin komai, mai motar ya sa shi ya goge da kananzir a gaban 'yan tasha.

"Kin yi rubutu don takarda da tawada," in ji shi. "Yanzu sai ki yi don injin. Ki je ki tambayi mai injin iyakar sirin da zinarensa ke kamawa, ki tsaya nan, kada ki wuce."

"Baba, duka zan sake ke nan. Manya da ƙanana."

"To da wa zai sake miki?"

Na koma na zauna da mai injin. Muka buga layuka a jere, daga mai kauri zuwa siriri kamar gashi, muka ga inda zinare ya daina kamawa. Na ɗauki wannan ma'auni na bi haruffan ɗaya bayan ɗaya. Ba ƙara kauri kawai ba ne, don in siririn ya yi kauri dole mai kaurin ma ya ƙaru, in ba haka ba rubutun ya mutu, ya zama kamar an ja shi da biro. In sun ƙaru kuma sai cikin harafi ya cushe, dole a buɗa shi. Wata huɗu wannan ya ci. A ciki na yi laulayin ciki na biyu, akwai makonnin da ko fuskar kwamfuta na kalla sai zuciyata ta tashi. Sai in koma takarda da alƙalamin gora, in yi harafi ɗaya a yini, wani yinin rabin harafi.

Katin farko da ya fita da rubutuna na walimar saukar Alƙur'ani ne, ta wata makarantar matan aure a Tudun Wada. Malamar da ta kawo aikin ta karanta na gwaji a tsaye, ta kai ƙarshe, ta koma farko. Ta ce, "Wannan karon ba sai na bi da biro ina gyarawa ba." Ashe ita ma tana yi, ba ta dai taɓa faɗa ba. Na juya na dubi Alhaji. Ya yi kamar yana neman wani abu a aljihun tebur.

Na kai wa Baba ɗaya. Ya riƙe shi nesa, ya kawo shi kusa, ya ce babban Ƙ ɗin ya cika fankama, jelarsa ta yi yawa, in rage. Amma da zan tafi na miƙa hannu in karɓi katin, sai ya sa shi a aljihun gaban rigarsa ya ce in gaida gida.

Kafin wata uku masu kawo aiki suka fara cewa a yi musu da mai ƙugiya. Wasu shagunan suka aiko suna tambaya inda muka samo shi. Nan muka sami saɓani da Alhaji. Shi yana so ya zama namu mu kaɗai, ni kuwa na ce ban yi shekara biyu ina bin hanyar Tsafe don shago ɗaya ya daina zagin manyan baƙi ba. Ya ce a shagonsa na yi, da wutarsa. Na ce da hannuna na yi, da Asabar ɗina. Muka yi kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Rana ta uku ya kira ni ya ce in bar masa bukukuwan bayan sallah, in sun wuce in ba duk wanda na ga dama. Na ce na yarda. Da lokacin ya cika na bi shagunan da ke layinmu da ƙafata ina sa musu a kwamfuta, ina nuna musu inda za su danna. Wani ya karɓa da godiya, wani ya ce shi ba ya son wahala, k ta ishe shi. Na ce masa zan dawo, kuma na koma sau biyu kafin ya bari na sa.

Kwanan baya wani malamin makarantar 'ya'yan makiyaya daga wajen Ruwan Bore ya shigo shago. Bafulatani ne, siriri, mai magana a hankali. Ya ce ƙanensa zai yi aure, ya ga katin da muka yi wa wani, yana so a yi masa irinsa amma da Fulatanci, don tsofaffinsu su ji an gayyace su da harshensu in an karanta musu. Na ce ya rubuto. Ya rubuta a takarda ya miƙo. Na ga ɓ, na ga ɗ, na ji daɗi, ina da su. Sai na ga wasu guda biyu da ban da su: wani y mai ƙugiya a kafaɗarsa ta dama, da wani n mai ƙafa ɗaya doguwa da ta lanƙwashe ƙasa.

"Malam, waɗannan fa?"

Ya faɗi sautinsu, na maimaita, ya yi murmushi ya sake faɗa. Ya ce in babu ba komai, a sa y da n, sun saba.

Na tambaye shi yaushe ne bikin. Ya ce saura mako biyar. Na jawo farar takarda na ce ya zauna ya rubuta mini kowanne sau goma, babba da ƙarami, a hankali, ina so in ga ta inda yake farawa da inda yake ɗaga hannu. Ya gyara zama ya karɓi biro. Na matso da kujerata kusa da teburin ina kallon hannunsa.